Neman hanyar keken tsere a garin hamada: abin da ya faru da wani baƙo a Tuson

## Mutumin da abin da ya kai shi

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan shekara arba'in da 'yan kai ne, ya daɗe yana tuƙa keken tsere don motsa jiki, amma ba ɗan gasa ba ne. A mako yakan yi kilomita 150 zuwa 200, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai laima, inda da wuya a yi tafiyar rabin awa ba a wuce kanti ko gidan mai ba. Aiki ya kai shi birnin Tuson na jihar Arizona a Amurka, zaman mako biyu a farkon watan Maris. Yana shiga aiki ƙarfe 10 na safe ya tashi ƙarfe 3 na rana, Litinin zuwa Juma'a. Masaukinsa na kusa da Jami'ar Arizona. Ya zo da kekensa a akwati, tayoyinsa masu faɗin milimita 25, da gorar ruwa biyu, kowace tana cin mililita 750.

Buƙatarsa ba ta da yawa: gajeriyar hanya ta ranakun aiki, doguwa ɗaya ta ƙarshen mako, da hawan tsauni ko sau ɗaya ne kafin ya koma.

## Garin

Tuson tana cikin hamadar Sonora, kimanin kilomita 100 arewa da iyakar Meziko, a kan tudu mai tsayin mita 700 da ɗoriya. Ruwan da take samu a shekara bai cika kaiwa milimita 300 ba, kuma kusan rabinsa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Duwatsu sun kewaye ta: Santa Catalina a arewa, Rincon a gabas, Santa Rita can kudu, sai duwatsun Tuson a yamma. A watan Maris zafin rana yakan kai wajen digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, da asuba kuma ya sauko ƙasa da 10. Wannan yanayi ne ke jawo 'yan keke daga jihohin da ƙanƙara ke rufewa su zo atisaye a lokacin sanyi, kuma tun 1983 ake yin babban taron keke na El Tour de Tucson duk watan Nuwamba. Hanyoyin keke dai akwai su birjik.

Manyan titunan garin miƙaƙƙu ne, tazarar mil ɗaya tsakanin wannan da wancan. Speedway da Broadway da Grant sun miƙe daga gabas zuwa yamma, wasu kuma sun gitta su daga kudu zuwa arewa. Babbar hanyar I-10 ta bi ta yamma da kudancin gari, ba ta ratsa tsakiyarsa ba, don haka waɗannan titunan ne ke ɗauke da kusan duk motocin da ke ƙetara garin. Da yawansu layi shida ne, ana gudun kilomita 55 zuwa 70 a awa a kansu.

## Kafin tafiya: shiri a gaban kwamfuta

Mako guda kafin ya taso ya buɗe taswirar nan da ke nuna inda masu keke suka fi bi, irin wadda Strava ke fitarwa, inda layi ke ƙara haske gwargwadon yawan waɗanda suka bi shi. Daga nan ya zana hanyoyi biyar ya ɗora su a wayarsa. Gaban kowace ya rubuta abu biyu: nisanta da yawan hawan da ke cikinta. Bai rubuta irin shimfiɗar hanyar ba, ko inda ake samun ruwa, ko lokacin da ya dace a bi ta.

Ranar Lahadi da ya sauka ya tambayi ma'aikacin masauki da wani abokin aikinsa inda ya fi daɗin tuƙa keke. Dukansu suka ce tsaunin Lemmon, wanda ke cikin duwatsun Santa Catalina, da mashigar Gates Pass, wadda ta ratsa duwatsun Tuson a yamma. Dukansu a mota suka san wuraren.

## Litinin ta farko: bin abin da waya ta ce

Ya fita ƙarfe 3:45 na yamma. Manhajar taswira ta ba shi hanya mafi kusa zuwa gabashin gari, ta kan wani babban titi mai layin keke da aka shata da fenti. Tun bai bar unguwar jami'a ba ya fara gamuwa da abin da taswira ba ta nuna: layin dogo na jirgin cikin gari, wanda ya fara aiki a 2014, shimfiɗe a tsakiyar kwalta. Tayar gaba ta kusa faɗawa ramin dogon sa'ad da ya zo ƙetarawa a karkace. Daga ranar ya koma ƙetara shi kai tsaye, a gicciye.

A kan babban titin, layin keken na nan kamar yadda aka ce, sai dai duk tsakuwa da fasasshen gilashin da motoci suka share nan suke taruwa. A wasu mahaɗun layin yakan ɓace, masu shan kwana zuwa dama su ratso ta gabansa. Bayan kowane mil akwai danja, wani lokaci har da wata a tsakani. Dokar Arizona ta ce direba ya bar aƙalla ƙafa uku, kusan santimita 90, tsakaninsa da mai keke idan zai wuce shi, kuma yawancinsu sun bari. Amma mota mai gudun kilomita 70 da ta wuce ka da tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, sai ka ji iskarta a jikinka.

Dawowa ta fi wuya. Iska ta juyo daga yamma, tana bugunsa a fuska. Ga kuma rana: a watan Maris tana faɗuwa kusan daidai saitin yamma, wato daidai bakin titin, tana haske idonsa tana haske idon direbobin da ke tafe a bayansa. Ya gangara gefe ya jira ta faɗi, sannan ya ƙarasa da ɗan hasken magariba.

Kilomita 34 ya yi cikin kusan awa biyu, ban da zaman jiran faɗuwar rana, ya tsaya fiye da sau ashirin.

## Laraba ta farko: inda kwalta ta ƙare

Don ya kuɓuce wa motoci, ya zaɓi hanya ta biyu a jerinsa: titin Tanque Verde zuwa ƙarshen gari, ya zarce kan titin Redington da ke hawa tsakanin duwatsun Catalina da Rincon. A taswira layin yana da haske, ga lanƙwashe-lanƙwashe masu ban sha'awa. Ya fita ƙarfe 3:20 da gorarsa biyu, da tiyub ɗaya na ko-ta-kwana, da kayan faci.

Bayan kimanin kilomita 30, jim kaɗan da fara hawa, kwalta ta ƙare. Abin da ya biyo baya burji ne mai gargada da duwatsu. Hasken da ya gani a taswira na masu keken dutse ne da masu tayoyi masu faɗi. Ya daure ya yi wajen kilomita biyu, ya ga ba ta ɓullewa, ya juyo. Kafin ya kama hanya ya tura keken gefe, cikin busasshiyar ciyawa, ya zauna ya ɗan huta.

Bai yi nisa ba tayar baya ta sace. Tsidau ne, wanda ke cike a gefen hanyoyin yankin, ƙayarsa gajeruwa amma mai tauri. Ya sa sabon tiyub cikin gaggawa, bai shafa cikin tayar da yatsa ba, ashe tsinin ƙayar na nan a maƙale. Minti goma ba a yi ba ta sake sacewa. Yana cikin yin faci ya ga tayar gaba ma ta yi laushi.

A daidai nan ruwansa ya ƙare, abin da ya ba shi mamaki, don bai ji ya yi gumi ba. Rigarsa a bushe take, sai farin gishiri da ya kwanta a kafaɗu da igiyar hular kwano. Iskar hamada tana ɗauke zufa tun ba ta taru a fata ba, mutum yana ta zubar da ruwa bai sani ba. Wani mai keke ɗan gari da ke komawa gida ya tsaya, ya ba shi tiyub da rabin gora, ya kuma raka shi har inda fitilun titi suka fara. Ya isa masauki bayan ƙarfe 8 na dare, ba fitila a kekensa. Da ya hau sikelin ɗakin motsa jiki, ya tarar ya ragu da kusan kilo biyu a kan nauyinsa na safe. Kilo ɗaya da aka rasa ta wannan hanya daidai yake da kusan lita ɗaya ta ruwa.

## Alhamis ta farko: shagon keke

Bayan tashi daga aiki ya shiga wani shagon keke don sayen tiyub. Ya yi wa yaron da ke kan kanta tambayar da ya saba, wato ina ne ya fi kyau. Yaron ya ce tsaunin Lemmon, da kuma fitar rukuni ta safiyar Asabar da ake kira Shootout.

Wata mai gyara da ke can ciki, wadda ta ga tayoyin ta kuma ji labarin Redington, ita ce ta juya zancen. Ba ta ba shi sunan wuri ba sai da ta yi masa tambayoyi: awa nawa gare shi, da wane lokaci, kilomita nawa yake yi a awa idan shi kaɗai ne, yaya yake da motoci, ruwa nawa yake iya ɗauka. Ya ce awa biyu da rabi a ranar aiki, gudun kilomita 26 zuwa 28, motoci kuwa ya ƙoshi da su tun ranar Litinin. Sannan ta ɗauko taswirar keke ta takarda, irin wadda hukumomin yankin ke bugawa a raba kyauta, ta yi masa alama iri huɗu da biro: inda famfon ruwan sha yake, inda kwalta take ƙarewa, ta wace fuska ya kamata a zagaya, da ƙarfe nawa ya kamata a ce an bar wurin.

Bayanin da ta yi masa kan iska ya rubuta shi a bayan takardar. A yawancin ranaku, da safe iska ba ta da ƙarfi, kuma daga kudu maso gabas take gangarowa; rana na yin sama sai ta juya ta koma daga yamma, ta ƙara ƙarfi, musamman a watannin bazara. Garin kansa yana ɗan tashi a hankali idan aka nufi gabas da kudu. Wanda ya fita gabas da sassafe zai sha ɗan hawa da ƙarfinsa, ya dawo a gangare kafin iskar yamma ta tashi. Wanda ya yi wannan tafiya da la'asar, kamar yadda shi ya yi har sau biyu, zai dawo a gajiye iska na tura shi baya. Ta ƙara da cewa hasken ranar da ya dame shi da yamma yana nan da safe ga mai nufar gabas, don haka a rabin awar farko bayan fitowar rana ya guji manyan titunan da suka miƙe gabas.

A ranar ya canza abu biyar. Ya sa tayoyi masu faɗin milimita 28 masu kaurin fata. An ɗura masa ruwan toshe huda a cikin tiyub. Ya sayi gora ta uku ta aljihun riga, da jar fitilar baya da ake kunnawa ko da rana. Na biyar bai ci ko sisi ba: ya mayar da fitarsa safe. Ta kuma ja masa kunne kada ya sake tura keke cikin ciyawa. In zai huta, ya ɗaga shi ko ya bar shi a kan kwalta.

Game da Shootout, ta ce masa fita ce ta masu gudu sosai, har ƙwararrun 'yan tsere na shiga. In ya nace, ya bi rukunin da ke riga su tashi, wanda ya fi sassauci.

## Juma'a ta farko: hanyar da ba mota

Ƙarfe 6:45 ya fita, ya bi Mountain Avenue arewa har bakin kogin Rillito, ya hau hanyar da mutanen gari ke kira Loop. Asalinta ambaliya ce. Bayan ruwan da ya yi ɓarna a watan Oktoba na 1983, ƙaramar hukumar Pima ta shiga ƙarfafa gaɓar koguna da siminti, aka bar hanyoyin ma'aikata a bakin gaɓa, jama'a suka fara bin su da ƙafa da keke, daga baya aka zuba musu kwalta. A 2018 aka haɗe zagayen, mai kimanin kilomita 87. Idan aka haɗa da rassansa ya haura kilomita 200, yana bin Rillito da Santa Cruz da Pantano da Julian da Cañada del Oro. Kogunan a bushe suke mafi yawan shekara, yashi ne zalla. A manyan tituna da yawa hanyar takan nutse ta bi ta ƙarƙashin gada, ba sai an tsaya ba, kuma wuraren shaƙatawar da ke bakinta suna da famfo da banɗaki.

Ya nufi gabas har inda Pantano da Tanque Verde suka haɗu suka zama Rillito, ya ɗan bi Pantano kudu, ya juyo. Kilomita 42 cikin awa ɗaya da minti 40, tsayawa biyu kacal, ba faci.

Matsala biyu ya rubuta. Ta farko sanyi: digiri 8 ne da ya fita, yatsunsa suka ƙage har rana ta ɗaga. Ta biyu, hanyar ta kowa ce, da masu tafiya da ƙafa, da masu jan kare, da yara, don haka ba wurin sakin gudu ba ne. Amma a safiyar ya fara gane garin da idonsa: dogon tsaunin nan arewa ne, inda rana ta fito ta kan Rincon gabas ne, kuma duk inda ya ɓace, in ya nemi bakin kogi zai dawo gida.

## Asabar da Lahadi: rukuni biyu

Ranar Asabar ya je Shootout, kuma babban rukunin ya bi, ba na farkon ba. Ana tashi daga kusa da jami'a, a ratsa gari a hankali, a kama titin Mission zuwa kudu. Zagayen duka wajen kilomita 100 ne. Ana fita gari aka saki gudu. Ya riƙe na ɗan lokaci, sannan tazara ta buɗe, cikin minti biyu suka ɓace masa. Ya tsinci kansa shi kaɗai a miƙaƙƙiyar hanya da ta ratsa ƙasar al'ummar Tohono O'odham, ba kanti ba inuwa, bai kuma san hanyar da ake dawowa ba, don ya dogara ne da bin bayan wasu. Ya juya ta inda ya fito. Kilomita 55.

Ribar da ya samu a ranar tun kafin a tashi ya same ta. Wani dattijo da suka tsaya kusa da juna ya gaya masa cewa ƙungiyoyin masu keke na gari, irin su GABA, suna wallafa jadawalin fita tare da nisa da saurin kowace, kuma suna karɓar baƙi.

Washegari ya bi ɗaya daga cikinsu, ta masu matsakaicin gudu. Suka nufi kudu maso gabas ta titin Old Spanish Trail zuwa sashen gabas na gandun Saguaro. A cikin gandun akwai zagaye mai kwalta na kilomita 13, hannu ɗaya ake bi, yana hawa yana sauka tsakanin dogayen itatuwan saguwaro masu ƙaya. Mai keke ma yana biyan kuɗin shiga. Tun a ƙofa jagoran ya gargaɗe su cewa kusa da farkon zagayen akwai gangara mai tsanani da kwana a gindinta, a kama birki tun daga sama. Ya nuna musu famfon da ke ofishin baƙi, da ƙananan titunan unguwa da ake bi a kauce wa manyan. Baƙon ya bar wayarsa tana ɗaukar hanyar. Kilomita 78, ruwa gora huɗu.

## Mako na biyu, Litinin zuwa Laraba

Ranar Litinin ya huta. Talata ya maimaita hanyar Lahadi shi kaɗai, a taƙaice: ya fita 6:40, ya bi ƙananan tituna har rana ta ɗaga, ya zagaya gandun sau ɗaya, ya cika gora, ya dawo 9:15. Kilomita 63. Laraba ya koma Loop, wannan karon yamma, zuwa inda Rillito ya faɗa Santa Cruz.

## Alhamis ta biyu: tsaunin Lemmon

Ya ɗauki hutun rana guda, don mai gyaran ta ce motocin masu yawon buɗe ido sun fi yawa a kan tsaunin ranar Asabar da Lahadi. Da daddare ya duba ko hanyar a buɗe take, saboda idan ƙanƙara ta zuba a sama akan rufe ta, kuma Maris bai wuce haka ba. Abokin aikinsa ya sauke shi a mahaɗar Tanque Verde da Catalina Highway, inda masu hawa da yawa ke farawa.

Ana ƙirga hawan da alamomin mil da ke kafe a gefen hanya, daga sifiri a gindin tsauni, wajen mita 900 sama da teku. Ƙauyen Summerhaven yana kusa da mil na 25, ƙololuwar tsaunin kuma ta kusa mita 2,800. Hawan ba mai tsanani ba ne, kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a mafi yawan wurare, tsawonsa ne abin tsoro. A mil ashirin na farko babu wurin ruwan da za a dogara da shi. Saboda haka ya ɗaura wa kansa sharaɗi tun a ƙasa: zai juyo a Windy Point, wajen mil na 14, ko kuma duk inda rabin ruwansa ya ƙare, wanda ya riga zuwa. Ya ɗauki gora uku, da rigar iska, da safar hannu doguwa.

Ya fara ƙarfe 7. A ƙasa saguwaro ne ko'ina. Wajen Molino Basin, bayan mil na 5, suka ɓace, ciyawa da gajerun itatuwa suka maye gurbinsu, can sama kuma ya fara hango dogayen itatuwan ƙasashen sanyi. Ya isa Windy Point, kimanin mita 2,000, bayan awa biyu da minti goma da barin gindin tsauni. Ya sha gora ɗaya da rabi da ɗan ƙari. Ƙafafunsa da sauran ƙarfi, amma ya cika sharaɗinsa ya juyo.

A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da wajen digiri 6 zuwa 7, ga iskar gangara a kan jikin da ya jiƙe. Rigar da ta zame masa kaya a hawa ita ta cece shi a sauka. Minti 35 ya yi zuwa ƙasa, ya iso da fiye da gora ɗaya ba a taɓa ba.

## Sakamako

Cikin mako biyu ya fita sau takwas. Uku ba su yi ba: Litinin da Laraba da Asabar na makon farko. Biyar sun yi. Duk facin da ya yi a rana ɗaya ya yi shi, kafin canjin taya. Cikin hanyoyi biyar da ya zana a gida, ɗaya kawai ya bi yadda ya zana ta, ita ce ta tsaunin Lemmon, ita ma bai kai ƙarshenta ba. Ya tafi da abin da ya zo nema: gajeriyar hanya biyu, doguwa ɗaya, hawa ɗaya.

## Hukunci

Fitar nan uku da suka lalace ba rashin ƙarfi ne ya lalata su ba, in ban da ta Asabar, ita ma rabi. Abin da ya haɗa su shi ne ya ɗauki hanya a matsayin layi a kan taswira. A inda ya saba, wannan ya isa, don ruwa da inuwa da mutane suna ko'ina, kuskure kuma ba ya tsada. A hamada, hanya ba ta cika hanya ba sai an san shimfiɗarta, da ruwanta, da sa'ar da ake bin ta. Gabashin garin da ya wahalar da shi da la'asar shi ne ya yi masa daɗi da hantsi.

Taswirar mai haske ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce mutane suna bin Redington, kuma suna bi. Ba ta faɗi irin kekensu ba. Ta ce suna bin titin Mission. Ba ta ce a rukuni suke bi da sassafe ba. Minti biyar na duba hoton tauraron ɗan'adam da ya nuna masa inda baƙin kwalta ya koma jar ƙasa. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi sauƙin kaucewa, kuma shi ya fi kusa da jawo masa babbar matsala.

Tambayar mutane ma ba ta wadatar ba. Mutum uku ya tambaya inda ya fi kyau, duka suka ba shi sunan wuraren da gari ke alfahari da su. Amsar ta canza ne sa'ad da aka san lokacinsa da saurinsa da abin da yake gudu. Sa'a ya yi da ya gamu da wadda ta san ta tambaye shi. Da ya shiga shagon ranar Lahadin da ya sauka, ya faɗi waɗannan da bakinsa, da kwana huɗu ba su tafi a banza ba. Haka nan Loop: da ita ya kamata ya fara, ba don ta fi sauran daɗi ba, sai don ita ce wurin da baƙo zai koyi iskar gari da ƙishinsa ba tare da mota a bayansa ba.

Akwai inda nake ganin ya wuce gona da iri wajen taka-tsantsan. Sharaɗin juyowa idan rabin ruwa ya ƙare na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne, inda dawowa take cin abin da zuwa ta ci. A tsauni hawa ne ke shan ruwa, sauka ba ta kai awa ɗaya ba. Da gorar da ya dawo da ita zai iya ƙara mil huɗu ko biyar. Tsoron ranar Laraba ne bai sake shi ba, kuma ga wanda ya kwana goma sha ɗaya kacal a gari, ban ga laifinsa sosai ba.

Abu biyu wannan lamari bai warware ba. Gates Pass bai hau ba: ya je a mota, ya ga hanyar siririya ce, ba gefen da keke zai raɓe, ga masu zuwa kallon faɗuwar rana, ya fasa, alhali 'yan gari suna hawanta da sassafe a ranakun aiki. Sannan duk lissafin nan na watan Maris ne. A watan Yuni zafin Tuson yakan kai digiri 38 ya wuce, fitar ƙarfe 6:45 ta zama makara, gora uku ta yi kaɗan. Daga Yuli zuwa Satumba kuma hadari kan taso da la'asar, busassun kogunan nan su cika cikin mintuna, ƙarƙashin gadojin Loop da suka fi ko'ina kwanciyar hankali a bazara su koma wuraren da ake rufewa.